Otal Mai Araha Ko Zauren Maigida?

  

Wata ɗabi'a ta shigo wa yaranmu masu rakiyar kaya zuwa Kudu. Da an sauke wake ko masara a kasuwar Bodija ta Ibadan, sai yaro ya saɓa jakarsa ya nufi tsakiyar gari, wajen Dugbe ko Mokola, ya kama ɗaki a ƙaramin otal. In ka ce masa me ya hana ka sauka wurin maigida a Sabo, sai ya ce ai kuɗin kwana bai kai ribar buhu biyu ba, kuma ba mai sa masa ido. Ni ma na taɓa gwadawa, farkon 2023, lokacin wahalar canjin kuɗi. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Ba zan zalunci otal ba. Wanda ya kwana biyu a kan tirela, ya bi ta Tegina da Mokwa, ya haye gadar Jebba ya wuce Ilori, in ya sami ruwan wanka da katifa da ƙofa mai makulli, wallahi ni'ima ce. Zauren maigida kuwa mutum goma ne ko fiye, ga minshari, wani lokaci ga kuɗin cizo. Kuma akwai masu gidan da ke riƙe kuɗin baƙo su juya shi mako guda, kullum “gobe in sha Allahu”. Wannan duk gaskiya ne.

To amma ku ji yadda na kwana. Kafin a ba ni makulli sai da na biya, taransifa ta ƙi tafiya, na fid da 'yan tsabar da nake tattali. A ƙasan ɗakina mashaya ce, kiɗa har bayan ƙarfe ɗaya. An kashe janareta, fanka ta tsaya, sauro ya karɓi aiki. Ba buta, ba wanda zan tambaya alƙibla. A bango ga takarda, wai duk abin da ya ɓace ba ruwansu. Da jakata na yi matashi.

Duk wannan mai sauƙi ne, fatauci dama ba hutu ba ne. Babbar asarar da safe ta bayyana. Kafin in keta cunkoson motoci in isa Bodija hantsi ya yi, na tarar har an buɗe ciniki. Ashe da daddare motocin wake sun ƙara shigowa. Waɗanda suka kwana a zaure tun bayan isha'i suka ji labari, da asuba suka sallama a tayin farko. Ni na zo ina ta “albarka” a kan farashin jiya, masu saye suna wuce ni. Abin da na rage a kowane buhu daga baya, in aka tara, ya biya otal ɗin na wata guda.

Ku tuna, ya 'yan'uwa, maigida ba ɗaki yake haya ba. Tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916, a kan amanar masu gida cinikin shanu da goro ya tsayu. Shi ke saukar da kai, ya ajiye kayanka, ya haɗa ka da dillali, in mai saye ya ɗauki kaya bashi shi ne lamuni. Ya san matar da ke ɗaukar buhu 20 ta cika alkawari, ya san wadda sai an bi ta har gida. La'adar da yara ke gudu kuɗin wannan sani ne. Yaron da ke zaune a teburin otal fa, wa ya sani a Bodija?

Sannan akwai ranar tsanani, Allah ya kiyaye. Da rikici ya tashi a kasuwar Shasha cikin Fabrairun 2021, mutanenmu wurin shugabanninsu suka gudu neman mafaka. Wanda ya sauka a hannun maigida akwai mai ƙirga shi, in ba a gan shi ba a nema. Wanda ya kulle kansa a ɗaki mai lamba, ko 'yan garinsu ba su san ya zo ba.

In jiki ya gaza, dole sai otal, to ka fara zuwa Sabo ka yi sallama da maigidanka, ka damƙa masa kuɗi da takardar kaya gaban shaidu biyu, ka gaya masa inda za ka kwana. Ka zauna hirar bayan isha'i tukuna ka tafi. Ka zaɓi ɗakin da za ka iya zuwa kasuwa da ƙafa, kuma ka tambayi ƙarfe nawa ake sallamar ɗaki, domin da yawansu in sha biyun rana ta wuce sun lissafa maka wani kwanan.