Kafin Mu Yi Wa Babur Ado, Mu Gyara Masa Birki

A Gidan Goga da ƙauyukan Maradun da Bakura, babur ya gaje aikin jaki. Shi ke kai buhun gero kasuwar Talata Mafara ran Talata, shi ke ɗauko taki zuwa gonakin rani na madatsar ruwan Bakalori, shi ne kuma motar asibiti idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare. Tun zamanin Basfa, wato Vespa ɗin da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, har zuwa roba-roba da Boxer na yau, ba mu da abin hawan da ya fi shi kusa da talaka. Amma 'yan'uwa, yadda muke riƙon wannan abin hawa akwai gyara.

Da zarar matashi ya sayi sabon babur, abin da yake fara yi shi ne ya kwance madubai ya jefa a ƙarƙashin gado, wai na tsofaffi ne. Daga nan sai ya sayo ham mai ƙara kamar na tirela, da fitilu ja da kore, da tambarin ƙungiyar ƙwallon Ingila. Birki kuwa yana kuka tun bara, ba wanda ya leƙa shi. Ra'ayinmu shi ne, duk kobon da za a kashe wa babur, a fara da abin da zai tsare rai, sa'an nan abin da zai hutar da jiki, ado ya zo daga ƙarshe in da saura.

Na farko, a mayar da madubai biyun nan wurinsu. A hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta ratsa Talata Mafara, mai babur da ya juya wuya don ya ga motar da ke bayansa ya bar kallon ramin da ke gabansa. Na biyu, birki. Bakanike ya duba shi kafin damina, ya canja wayar da ta fara tsinkewa, kada a jira sai ta yanke a kan gangara. Na uku, fitilar baya. Ƙwai ɗaya ne, amma shi ke gaya wa direban da ke tafe cikin hazon hunturu cewa akwai mutum a gabansa. A ƙara da jan tef mai ƙyalli a madigadin baya da gefen kariya, domin yana aiki ko batir ya mutu.

Na huɗu ya shafi iyayenmu mata. Mace ta hau goyo a karkace, bakin zane ko mayafi yana lilo kusa da ƙafar baya, da ya shiga sarƙa sai ya fizgo ta ƙasa, wani lokaci da jariri a baya. A ƙasar Indiya, inda mata ke ɗaura sari, doka ce a sa ragar ƙarfe a gefen ƙafar baya saboda wannan haɗari. Mai walda a garinmu yana iya haɗa irin wannan raga da guntayen rodi cikin yini ɗaya. Ya kuma sa faffaɗan matakin ƙafa, da 'yar garkuwa a kan salansa, gama yara da yawa suna yawo da tabon ƙuna a ƙwauri. Murfin sarƙa da ake cirewa don yana ƙara, a ɗaure shi da kyau maimakon a yar.

Sai maganar hutun jiki. Mai ɗinkin kujera zai ƙara soso mai kauri, ya rufe da ledar da ba ta zamewa. Mai faci kuma ya riƙa gwada iska da ma'auni, ba da dukan taya da sifana ba. Iska ta yi yawa, babur ya yi ta tsalle a kan burji har baya ya ƙage. Ta yi kaɗan, taya ta cinye da wuri, mai kuma ya ƙare da sauri. Masu Basfa su fi kowa lura, domin ƙananan ƙafafunta sun fi saurin faɗawa rami da nutsewa cikin yashi. Mutumin da bayansa ke ciwo, hankalinsa ba ya kan hanya.

Hular kwano kuwa, mun san tarihinta. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a watan Janairu na 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙoƙo a kai don su tsere wa tara. An yi dariya, amma kwalta ba ta san wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa hula mai kyau, idan an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin ɗari, mummunan rauni a kai kuma da wajen kashi 70. Wanda ke tsoron a zarge shi a shingen jami'an tsaro saboda rufe fuska, akwai hular da ke barin fuska a buɗe.

Za a ce mana ba kuɗi. Gaskiya ne, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, ɗan kabu-kabu yana lissafin kowace lita. Za a kuma ce wanda 'yan bindiga suka hana shi barci, ina ruwansa da madubi. Ba mu raina wannan magana ba, gama mun tuna 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana hawan babur da dare ta kuma rufe kasuwannin mako saboda tsaro. To, amma wannan ma dalili ne na gyara. Wanda ke sauri ya isa gida kafin duhu ya fi kowa bukatar birki mai ci. Wanda kuma ya fashe kai a dajin Maradun, sai an kai shi Gusau ko Sakkwato, kuɗin motar kaɗai ya ninka na duk gyaran da muka lissafa. Ajali na Allah ne, amma wanda ya ba mu rai shi ya ba mu hankalin tsare shi.

Saboda haka muna ba da shawara a bi abin ɗaya bayan ɗaya. Wannan Talata madubi, ta gaba ƙwan fitila, bayan girbi raga da hula. Ƙungiyoyin matasa da Zumuntar Mata suna iya yin adashi a kai, su yi ciniki da mai walda ɗaya don ya rage musu farashi. Mata kuma kuna da ikon ƙin hawan babur da ba shi da raga, ko na maigida ne. Idan fasinja suka fara zaɓe, 'yan kabu-kabu za su gyara ba sai an kama kowa ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.