Jarka 304

1/ Masu cewa aikin Romuald Hazoumè tarkacen bola ne, ku matso, da ku nake.

2/ Ɗan Benin ɗin nan jarkokin fetur 304 ya jera yadda ake jera bayi a jirgin ruwa. Kowace jarka fuska ce: bakinta baki, mariƙinta hanci.

3/ Da irinsu samari ke fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya a kan babur. Tartsatsi ɗaya, yaro ya ƙone ƙurmus.

4/ Mai saye kuwa ko a jikinsa, tunda ya samu araha.

5/ Jiya an sayar da mutum saboda sukari, yau yana ƙonewa saboda lita. Wallahi in wannan bola ce, mu muka zubar da ita.