Baƙo a birni, ka fara ci da ido kafin ka ci da baki



Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samari da magidanta ke ɗaure kaya su nufi birni cin rani. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 660 ce. Mota za ta ratsa Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso kafin ta sauke ka a tashar Wadata. Daga wannan rana babu sauran tuwon uwargida. Cikinka ya koma hannun mai ƙosai da mai shayi da mai tuwo da mai butiki, mutanen da ba ka san su ba, su ma ba su san ka ba.

Na yi kwana 12 a Yamai. Da gangan na riƙa cin abinci a waje, yau a Katako, gobe a gefen Babbar Kasuwa, jibi in ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda. Na leƙa wajen masu alawa, na shiga butiki manya da ƙanana. Ra'ayin da na dawo da shi ke nan: abincin bakin hanya yana ciyar da talaka, kuma bai kamata a guje shi ba. Abin da ke kada baƙo shi ne ci ba tare da dubawa ba. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci kuwa yana da ido biyu: na gani da na karatu.

Arahar da ta ci jika 25

A Katako na tarar da wani yaron garinmu mai turin baro. Wata 3 yana tara kuɗi don ya sayi akuya. Ya haɗa jika 40. Wata rana da dare ya sayi shinkafar da ta yi kwantai tun rana, saboda an rage masa dala 10. Kafin asuba amai da zawo sun kama shi. Sai da aka kai shi gidan likita aka yi masa ƙarin ruwa. Tsakanin kuɗin magani da kwanakin da bai fita aiki ba, jika 25 suka tafi. Ya ce mini: «Baba, na nemi sauƙin dala 10, na rasa akuya.»

Ba shi kaɗai ba ne. A shekara ta 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa kowace shekara mutum miliyan 91 ke kamuwa da ciwo a Afirka saboda gurɓataccen abinci, kuma dubu 137 daga cikinsu ke mutuwa.

Wajen mai ƙosai da mai tuwo

Ƙwayoyin cuta ba su ganuwa da ido, amma wuta tana kashe su. Shi ya sa na fi sakin jiki da mai ƙosai da ke tsamo shi daga mai a gabana, da mai masa da ke juya ta a tanda. Tuwo da miyar da ke tururi su ma haka. Dafaffen abinci in ya sauka daga wuta ya huce, bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba. A zafin ƙasarmu, shinkafar da aka dafa da hantsi aka bar ta buɗe har isha'i ta zama gonar ƙwayoyin cuta, ko da ba ta yi wari ba.

Kafin ka zauna, tsaya ka duba. Tukunya a rufe take? Ƙudaje sun yi yawa? Akwai kwata ko juji kusa? Hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke kwaɗa dambu? Na ga wata mai dambu da zogala a Harobanda wadda ƴarta ke karɓar kuɗi, ita kuwa da cokali take zubawa. Layin masu saye bai yanke ba har ta tashi. Inda abinci ke ƙarewa da wuri, ba ya samun lokacin lalacewa.

Wajen mai nama, ka ce a mayar maka da tsire kan wuta ya yi zafi. Ba zai ƙi ba. Salati da ɗanyen tumati kuwa sai ka yi hattara, domin ba ka san ruwan da aka wanke su da shi ba. Lemu da ayaba, da kake ɓarewa da hannunka, sun fi sauƙin sha'ani.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari: kwano ɗaya na wankin hannu, mutum 20 su tsoma a ciki. Na ƙarshe bai wanke hannu ba, dauɗar mutum 19 ya kwasa. Ka nemi buta da sabuni, a zuba maka ruwa yana zuba ƙasa.

Sanyi ba tsafta ba ne

Zafin Yamai a watan 4 yana sa mutum ya sha duk abin da ya samu mai sanyi. Ga fura da ƙanƙara, ga soɓo a leda, ga ruwan citta. To, mu sani ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, ajiye ta take yi. In da ruwa marar kyau aka yi ta, cutar tana nan tana jiran ta narke a cikinka.

Ta ruwa da abinci kwalara ke shiga jiki. Mutanen Madarunfa ba su manta da shekara ta 2018 ba. A 2021 ta sake ɓarkewa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa har da Yamai, ta kama mutum fiye da 5000. Saboda haka ka tambayi mai fura inda take ɗibar ruwa. Ruwan pampo ya fi na tulun da kowa ke tsoma moɗa. Shayi mai zafi ba shi da laifi, amma ka dubi ruwan da ake ɗauraye kofi.

Wajen mai alawa

Teburin mai alawa yana ɗaukar ido. Ja da kore da rawaya, ga biskit, ga cingam. Duk mai komawa gida yana so ya riƙa wa yara tsaraba, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma mu duba abin da muke kai musu.

OMS ta ce bai kamata sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce wajen giram 50 ba, wato ƙaramin cokali 12. In an tsaya ga rabin haka ya fi. Yaro kuwa nasa bai kai haka ba. Gwangwani ɗaya na lemun zaƙi yana iya ɗauke da kusan cokali 9. Na tsaya wajen wani mai shayi na ƙirga: cokali 4 na sukari ya zuba a kofi ɗaya, bayan madarar gwangwani da ita ma sukari ce cike da ita. Wannan madara mai zaƙi ba abincin jariri ba ce, kada a kai ta gida da sunan taimakon mai jego.

Alawa tana cika wa yaro baki, ta hana shi cin tuwo, ta ruɓar da haƙori. Ga babba, yawan zaƙi yana kawo ƙiba, ƙiba kuma tana buɗe ƙofar ciwon sukari. Ni da na tashi tsaraba, dabino na saya da kantun riɗi da ƙuli-ƙuli. Kantu ma da sukari ake yin sa, gaskiya ne, amma akwai riɗi a ciki mai gina jiki. Alawar leda kuwa galibinta sukari ce da launi.

Cikin butiki: nan karatu ke aiki

Kayan gwangwani da na kwali suna ɗauke da ranar da amfaninsu ke ƙarewa. Sau da yawa za ka ga haruffa 3, EXP, sannan lambobi. In an rubuta EXP 08/2027, ma'anarsa watan 8 na shekara ta 2027. Lambar farko wata ce, ta biyu shekara. Wani lokaci akan sa rana a gaba, kamar 15/08/2027. In ka ga kwanan wata biyu, na farko ranar da aka yi kayan ne, na biyu ranar ƙarewa. Ka duba gindin gwangwani ko murfinsa.

A wata butiki na ɗauki gwangwanin sardin, na ga lokacinsa ya wuce da wata 5. Na nuna wa mai butiki. Ya ce: «Malam, ai gwangwani ba ya ruɓa. Kawo rabin kuɗi.» Na ce masa na gode, na mayar. Wata dattijuwa da ke bayana ta miƙo mini kwalin madarar da ta ɗauka, ta ce: «Ɗana, duba mini nawa.» Nata da sauran wata 7. Ran nan na ga amfanin zaman da muke yi a aji bayan la'asar.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, kada ka saye shi ko da kwanan watansa bai wuce ba. Kumburi alama ce abin da ke ciki ya lalace, kuma gubarsa tana iya kisa. In za ka sayi gishiri, nemi wanda aka rubuta wa «iodé» a jikin leda. Wannan gishiri yana hana maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki.

Manomi, dubi inda kuɗinka ke zuwa

Ka karanta sunayen ƙasashe a jikin kayan butiki. Shinkafa daga Indiya ko Tailan, garin madara daga Turai, burodi kuma da alkamar waje ake yin sa. Manya suna tune da watan 1 na shekara ta 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada cikin ƴan kwanaki.

Ƙasarmu ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Ƙosan da ka ci da safe daga wannan wake yake. Albasar miya ta Galmi ce, tattasai na Difa, aya ta Maraɗi, zogala daga garake irin na Jiratawa. Dalar da ka ba mai ƙosai ko mai dambu, wani sashenta yana komawa aljihun manomi irinka. Ta biskit kuwa mafi yawanta ƙetare iyaka take yi.

Ka kuma riƙa tafiya da kwanonka mai murfi maimakon a zuba maka abinci a baƙar leda. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda a Nijar, amma har yanzu tana ko'ina. Makiyaya sun san yadda take cushe tumbin akuya da saniya, dabba ta rame har ta mutu.

Masu cewa talaka ba shi da zaɓi

Wani zai ce: «Mai dala 30 a aljihu ina ya ga zaɓi?» Amsata ita ce dubawa ba ta cin ko dala. A layi ɗaya za ka tarar da masu tuwo 5, kuɗinsu ɗaya, tsaftarsu ta bambanta. Wani kuma zai ce cikinmu ya saba. Yaron Katako ma haka yake cewa kafin ya kwanta. Rigakafi ya fi magani.

Ba ina zargin masu sayar da abinci ba ne. Yawancinsu mata ne masu ciyar da ƴaƴansu da wannan sana'a, suna tashi tun kafin kiran salla. Da yawa ba su da pampo kusa, ruwa saye suke yi wajen ƴan ga-ruwa. Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta kai pampo bakin kasuwanni da tashoshi, ta kwashe juji, ma'aikatan tsafta kuma su riƙa koya wa masu abinci maimakon kora kaɗai. Su riƙa leƙa butiki suna janye kayan da lokacinsu ya wuce. Mu masu saye kuma, in muka riƙa zuwa wajen mai tsafta, sauran za su gyara don kada ciniki ya guje musu.

In ciki ya ɓaci

In duk da haka zawo ya kama ka, kada ka sayi ƙwayoyi a tebur cikin rana. Nemi garin SRO a gidan magani, ka dama a lita 1 ta ruwa mai tsafta. In babu, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, ka riƙa kurɓa. In zawon kamar ruwan shinkafa yake, ko da jini a ciki, ko amai ya ƙi tsayawa, a tafi gidan likita nan take, ko da dare ne.

Ina roƙon malaman yaƙi da jahilci su kawo tsofaffin gwangwanaye da kwalaye cikin aji kafin ƴan cin rani su tashi. Kowa ya nemo kwanan wata da kansa, ya karanta wa ƴan uwansa. Darasin yini ɗaya ne, amma zai bi mutum har Yamai.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya da abin hannunsu. Amin.