Kuka da Ɗorawa Na Neman Masu Ba Su Ruwa

Maƙalar wannan makon ta ɗan fita daga maganar salo da jigo, amma ku yi haƙuri ku karanta, za ku ga ba ta yi nisa da gida ba.

A Kano akwai Ɗorayi, akwai Giginyu, akwai Gawuna, akwai Kurna, akwai Tsamiyar Boka. A Zariya akwai Rimin Tsiwa. Duk sunayen itatuwa ne. Mutanen da suka raɗa wa unguwannin nan suna sun ɗaga kai ne suka ga ɗorawa da giginya da gawo a tsaye. Yau a tara yaran Gawuna a ce su nuna gawo guda ɗaya, mu ga nawa za su iya. Sunan ya zauna a bakin 'yan Adaidaita, itacen kuwa ya tafi gidan burodi da buhun gawayi.

Mu da muke sana'ar kalma, wannan asarar tamu ce kai tsaye. Muna yawan karanta rubuce-rubucen da ake turowa a gyara, sai ka ga jarumi da jaruma sun zauna "ƙarƙashin wata bishiya". Wace bishiya? Inuwar tsamiya daban take da ta kanya, kuma wanda ya taɓa tsayawa gindin giginya da rana tsaka ba sai an fassara masa abin da ake nufi da inuwar giginya na nesa ka sha ba. Yaron da bai taɓa ganin ana jifan 'ya'yan kuka ba, ta yaya zai ji daɗin wasan kalmar da ke cikin ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa?

Don haka ra'ayinmu shi ne mu ɗauki aikin sa kai na kula da itatuwanmu na gida a wuraren shaƙatawa na jama'a. A lura, kulawa muka ce. Dashe kam ba a rasa masu yi. Kowace damina ana fitowa da sababbin riguna da huluna, a haƙa rami, a ɗauki hoto, a watse. Ruwan sama ya ɗauke a Oktoba, ba zai dawo sosai ba sai wajen Yuni. Watanni bakwai ke nan na hunturu da bazara, ga zafin Afrilu da kan haura maki 40, ga awaki. Dashen da ya rayu shi ne wanda wani ya riƙa zuwa da bokiti a waɗannan watannin, lokacin da babu mai ɗaukar hoto.

Me ya sa na gida? Ba mu da faɗa da darbejiya. Daga ƙasar Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, tana saurin girma, ta kuma rufa wa titunanmu asiri. Amma idan lambu ya zama darbejiya da turare kaɗai, mun samu inuwa mun rasa miya. Kuka tana ba da ganyen miya da garin kwalba da nono. Ɗorawa tana ba da kalwar daddawa. Kaɗanya tana ba da mai, ko da yake sai ta haura shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, shi ya sa mai gaggawa ba ya dasa ta. Gawo kuwa halinsa abin mamaki ne: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare.

'Yan uwanmu na Maradi sun riga mu gane wannan. A farkon shekarun 1980, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan dashen da yake yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa a gona kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai manoma suka fara barin reshe mai ƙarfi ɗaya ko biyu, su datse sauran, su kare shi. Suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma yawancinsu ba wanda ya dasa su.

Mun san abin da wasu za su ce: wannan aikin gwamnati ne, mu da ko kuɗin data sai mun yi dabara. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da ake biya don wannan, kuma ba mu ce a daina tambayarsu ba. Sai dai gayya ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu sun yi yashen rijiya da gyaran maƙabarta ba tare da sun jira takarda daga ofis ba. Kuma marubucin da ya ba kuka ruwa wata bakwai, idan ya rubuta a kan sare itatuwa, maganarsa za ta yi nauyi.

Aikin ma ba na kuɗi ba ne. A fara neman izinin masu kula da wurin, kar a faɗa musu da fartanya kamar 'yan share wuri zauna. Kowane mutum biyu su ɗauki dashe biyar, su san nasu ne. A kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, a rufe gindin da busasshen ganye don laima ta daɗe. Wanda yake da tsohon tulu ya binne shi kusa da saiwa ya cika da ruwa, zai riƙa tsatsafowa a hankali. Irin kuka da na ɗorawa suna da taurin ɓawo, sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana kafin a shuka a leda.

Akwai kuma abin da mu ne muka fi cancanta mu yi. Wurare irin su Gidan Zoo na Kano, da aka buɗe zamanin Gwamna Audu Bako, suna cika da yara ranar sallah. A ce kowane itace na gida a irin wuraren nan yana da ɗan allo da sunansa da Hausa, da amfaninsa, da karin magana ɗaya a kansa, an rubuta da ƙa'ida, ɗ da ƙ duk a wurinsu. Kafin a rubuta sai mun nemi tsofaffi da masu maganin gargajiya su bambance mana marke da ƙirya, taura da gawasa. Nan ma an samu kalmomin da babu su a wayoyinmu.

Wakilan kowane gari su duba lambun da ya fi kusa da su, su yi magana da masu wurin kafin Asabar ta sama. Mai bokiti ya zo da shi, mai 'ya'yan kuka a gida kar ya zubar.