Rami Ɗaya, Rajista Uku: Gyaran Bayanan Ƙasar Noma a Filato

Dillalin takin zamani da ke Tina Junction a Jos ba kasafai yakan tambayi inda aka samo lissafin da ke jikin buhunsa ba. Daga taswirar ƙasar noma shawarar haɗin taki takan fito, ita kuma taswirar daga ramukan da masana suka tona suka auna.

Matsalar ita ce rami ɗaya yakan shiga rajista sau biyu ko uku. Turawan Ingila sun yi safiyon ƙasar tsakiyar Nijeriya a shekarun 1970, sashen Gwamnatin Tarayya mai kula da albarkatun ƙasar noma ya fitar da nasa a 1990, ɗaliban jami'a kuma suna kwafo daga duka biyun. Ya zuwa 2014 cibiyar ISRIC ta ƙasar Holan ta tattara bayanan ramuka fiye da 18,000 daga tsofaffin rahotannin Afirka. Duk ramin da aka ƙirga sau uku zai rinjayi lissafi, a ɗora tsamin gona ɗaya a kan yanki guda, manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu ya sayi abin da gonarsa ba ta buƙata.

Sai dai a ra'ayinmu, a sakar wa kwamfuta ta goge duk bayanai biyu masu adireshi ɗaya kuskure ne babba, musamman a Filato. Kafin na'urar GPS ta wadata, daga takardar taswira ake karanto wurin rami, sau da yawa a tsaya a minti mafi kusa, alhali minti ɗaya ya kai kusan kilomita biyu. A ƙasar da aka fi shekara 100 ana haƙar kuza, cikin wannan tazara akwai gonar asali, akwai tudun ƙasar da aka juye, akwai bakin kududdufi. Ramuka biyu masu adireshi ɗaya suna iya zama daban ƙwarai, kuma wanda aka goge ba mai sake tona shi yadda yake a wancan zamani.

Don haka ya kamata a gwada lambar rami, shekarar tono, zurfin kowane hawa da sakamakon awo. In duk sun zo ɗaya, a riƙe na asali, a sa wa kwafin alama, a ajiye. Cibiyar Kimiyyar Ƙasar Noma ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 2017, ita ta cancanci ba kowane rami lamba ta dindindin, kamfanonin haɗa taki kuwa su ɗauki wani kaso na kuɗin aikin, tunda su ne za su fara cin moriyarsa.