Lahadin ɗan ci-rani ba almubazzaranci ba ce

Ƴan uwa na gida, ina da magana da ku. Da kun ga hoton ɗanku a bakin teku a Gran Basam, sai waya ta fara ƙara: "Ashe kuɗi sun samu, a ƙaro mana." Haba!

Ni a Abijan nake aiki, na san yadda kwana shida suke wucewa kafin wannan hoton. Yaron Tawa da ke sayar da garba, wato acake da soyayyen kifi, tun asuba yake gaban mai mai zafi. Mai tura kaya a kasuwar Ajame sai dare ya koma ɗaki, su biyar ko shida kan tabarma. Kuɗin haya, kuɗin gbaka, ga na gida da ake aikawa duk wata, ba fashi.

Basam ɗin nan kilomita 40 ne kacal. Karo-karo muke yi mu hau mota, mu sha iska, mu yi hira da Hausa, mu dawo kafin isha'i. Rigar ma sau da yawa ta aro ce.

Wanda bai huta ba ciwo ke kayar da shi, kuma ranar da ya kwanta, buhun hatsin da kuke jira ba zai zo ba. In kun kira shi ran Lahadi, ku fara tambayar lafiyarsa tukuna.