Filin Wasa Ma Makaranta Ne

Duk wanda ya san Nguru ya san tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe tun shekarar 1930. Wanda ya san Gashuwa kuwa ya san kogin Komadugu Yobe da fadar Mai Bade. Amma akwai waɗansu mazauna garuruwan nan biyu da ba a cika lissafi da su ba, watau yara da samari masu kwana a rumfunan kasuwa da tashoshin mota. Waɗansu almajirai ne da suka rabu da malamansu, waɗansu rikicin Boko Haram ya koro su, waɗansu kuma ambaliyar 2022 ce ta raba su da gidajensu.

Sadaka takan kashe yunwar yini guda, amma ba ta koya wa yaro cika alkawari, ko bin doka, ko haƙuri idan an kayar da shi. Filin wasa kuwa yana koyar da waɗannan duka.

An jarraba wannan a duniya. A shekarar 2003, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta marasa muhalli, bisa jagorancin Mel Young da Harald Schmied. 'Yan wasa huɗu-huɗu ne, wasan kuma minti 14 ne kacal. Nijeriya ma ta sha aika 'yan wasa ta hannun ƙungiyar Search and Groom ta Legas. Amfanin abin ba a kofi yake ba. Yana cikin horon kowane mako, inda wanda ba shi da kowa yake samun babban da ya san sunansa, wanda zai neme shi in bai zo ba.

Nguru da Gashuwa ba sa bukatar aron kome. Langa tana koya wa yaro kare ɗan'uwansa, domin sai abokan wasa sun tsare ruwa kafin ya kai gaci. Kokawa tana koyar da yarda da hukuncin alƙali. Iyo da tuƙin kwalekwale kuwa, a ƙasar da ake bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, sana'a ce, kuma ceton rai ne ranar da kogi ya tumbatsa.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin Nguru da Bade, da masarautun biyu, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013, su haɗa kai. A keɓe fili, a sa horo ranar Alhamis da ake hutun karatun allo, a nemi yardar malamai, a rubuta sunan kowane yaro, a ciyar da shi bayan wasa. Wanda ya nuna naciya a haɗa shi da masunci, ko tela, ko makaniki.

Abin gudu shi ne bikin rana ɗaya, a raba riguna, a watse, yaran su koma rumfa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a rana guda ba.